Alpha Phi Alpha: ƙungiyar ɗaliban da ta yaye lauyoyin 'yanci amma ta kasa ajiye bulala

A birnin Washington, a bakin wani tafki da ke tsakanin wuraren tunawa da tsofaffin shugabannin Amurka Lincoln da Jefferson, akwai wani farin dutse da tsayinsa ya kai kusan mita 9, an sassaƙa Martin Luther King a jikinsa, ya harɗe hannuwa a ƙirji yana duban ruwa. Lambar adireshin wurin ma da gangan aka zaɓe ta, 1964, shekarar da Amurka ta kafa dokar haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Ranar 16 ga Oktoba 2011 aka yi bikin buɗe shi, Barack Obama ya yi jawabi. Abin da ba kowane mai ziyara ya sani ba shi ne, wata ƙungiyar ɗaliban jami'a ce ta kawo shawarar gina wurin, ita ta yi ta zarya a majalisa har Bill Clinton ya sa hannu a dokar ba ta izini a 1996, kuma gidauniyar da ta kafa ce ta bi kamfanoni da attajirai da talakawa ta tara kuɗin aikin, wajen dala miliyan 120. Sunan ƙungiyar Alpha Phi Alpha. King ɗanta ne, ya shiga a 1952 yana karatun digirin digirgir a Boston.

Wannan labari yana da wuyar shiga kunnen ɗan Nijeriya. Mu a nan, da an ce ɗalibai sun kafa ƙungiya mai rantsuwa, mai gaisuwar sirri, mai launinta da tambarinta, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne gatari da bindiga ƙirar gida da gawa a bayan ɗakin kwanan ɗalibai. Uwa ba ta sallamar ɗanta zuwa jami'a a kudu sai ta ja masa kunne a kan 'yan ƙungiyar asiri. To ta yaya abu mai wannan kama ya zama shi ne ya tsaya wa King? Amsar tana cikin tarihin Alpha, kuma tarihin bai wanke ta fes ba.

Amurkawa na kiran irin wannan ƙungiya fraternity, daga kalmar Latin mai nufin ɗan'uwa. Ta farko da ta ɗauki haruffan Girkanci a matsayin suna ita ce Phi Beta Kappa, wadda ɗalibai biyar suka kafa ranar 5 ga Disamba 1776 a kwalejin William da Mary da ke Virginia, watanni biyar bayan Amurka ta ayyana 'yancinta. Haruffan uku farkon kalmomin takenta ne, wanda ma'anarsa ita ce son ilimi shi ne jagoran rayuwa. A wancan zamani karatun kwaleji hadda ce ta Latin da Girkanci a ƙarƙashin malamai masu tsanani, don haka samarin suka nemi ɗakin da za su rufe ƙofa su yi muhawara a kan abin da aji bai yarda a taɓa ba. Suka ari rantsuwa da musafaha ta musamman da lambar ƙirji, irin salon Mason, wata ƙungiyar sirri ta manyan maza da ke tashe a lokacin. Da ƙyamar Mason ta barke a ƙasar bayan ɓacewar wani mutum da ya yi barazanar tona asirinsu a 1826, Phi Beta Kappa ta ajiye sirrinta a farkon shekarun 1830, ta koma ƙungiyar karrama haziƙai, kuma haka take har yau.

Waɗanda suka gaji sirrin su ne ƙungiyoyin da suka tsiro a kwalejin Union da ke jihar New York: Kappa Alpha a 1825, sai Sigma Phi da Delta Phi a 1827. Daga nan abin ya bazu. Muhawara ta ja baya, zumunci ya shigo gaba, sannan gida ya zo. Wannan gida shi ne ya sauya komai. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ƙungiyoyin sun mallaki manyan gidaje a gefen jami'o'i, mamba yana kwana a nan, yana ci a nan, siniyoyinsa na nuna masa malamin da za a bi a hankali da irin tambayoyin da ke fitowa a jarrabawa, tsofaffin mambobi kuma na jiransa da aiki a banki ko ofishin lauya idan ya gama. Wanda ba ya ciki, ba dandalin hira kaɗai ya rasa ba, ya rasa gado da tuwo da hanya. Kuma da yawa daga cikin ƙungiyoyin sun rubuta a tsarin mulkinsu ƙarara cewa sai farar fata Kirista. Yahudawa suka kafa tasu, Zeta Beta Tau, a 1898. Baƙar fata kuwa, idan ka gan shi a cikin irin wannan gida, to faranti yake ɗauka.

Haka abin yake a jami'ar Cornell da ke garin Ithaca, can cikin jihar New York nesa da babban birnin, wurin da sanyi ke daskarar da ruwa watanni. Cornell tana karɓar baƙaƙen fata tun da wuri, amma karɓa a takarda daban, zama daban. 'Yan ƙalilan ne a cikin dubban Turawa, suna haya a gidajen baƙaƙen iyalai na cikin gari, wasunsu na yi wa gidajen ƙungiyoyin Turawa hidima don su biya kuɗin makaranta. Tarihin ƙungiyar ya ce baƙaƙen ɗalibai shida da ke jami'ar a zangon 1904 zuwa 1905 ba su dawo ba a shekarar da ta biyo. Wannan ya tsorata sabbin shiga. Wani ɗalibin babban digiri mai suna Charles Poindexter ya fara tara su a gidan da yake zaune, lamba 421 a titin North Albany, su yi karatu tare, su ci abinci, wanda ya fi gane lissafi ya ja wanda ya makale.

Sai gardama ta tashi a kan me za a mayar da wannan zama. Poindexter yana ganin a bar shi ƙungiyar karatu da adabi, ƙofa a buɗe. Samarin da suka ga yadda gidajen Turawa ke aiki daga ciki, suna goge tebur suna kallo, suka ce a'a, abin da ke riƙe da waɗancan shi ne rantsuwa da 'yan'uwantaka ta har abada, su ma ita suke so. Ranar 4 ga Disamba 1906 aka kaɗa ƙuri'a, masu son 'yan'uwantaka suka yi rinjaye, Poindexter ya janye. Ni dai ina ganin wannan gardama ba ta mutu ba har yau. Duk wani alheri da duk wata ɓarna da za a ambata nan gaba daga wannan ƙuri'a suka fito, domin a ranar ne aka zaɓi a rufe ƙofa, kuma ƙofar da aka rufe dole a sa wa shigarta farashi.

A tuna da shekarar. Ƙasa da watanni uku kafin nan, a Satumban 1906, gungun Turawa sun far wa unguwannin baƙaƙe a Atlanta sun kashe mutane da dama. Shekara goma kafin nan Kotun Ƙoli ta halatta wariya a shari'ar Plessy. Samarin nan ba wasan yara suka ɗauki abin ba.

Mutum bakwai ake lissafawa a matsayin waɗanda suka kafa ta, 'yan ƙungiyar na kiransu da laƙabin da ke nufin duwatsu masu daraja, kuma babu mamban da zai kasa jero sunayensu ko da daga barci aka tashe shi: Henry Callis, Charles Chapman, Eugene Kinckle Jones, George Kelley, Nathaniel Murray, Robert Ogle da Vertner Tandy. Callis ya zama likita, shi ne kuma ya fi daɗewa, sai 1974 ya rasu. Chapman ya koyar da aikin gona a Florida. Jones ya daɗe yana jagorantar National Urban League, wadda ke nema wa baƙaƙen da suka yi ƙaura zuwa birane aiki da matsuguni. Kelley injiniya ne, Murray malamin makaranta a Washington, Ogle ma'aikaci a kwamitin kasafin kuɗi na majalisar dattawa. Tandy shi ne baƙar fata na farko da jihar New York ta yi wa rajistar zanen gine-gine, shi ya zana katafaren gidan attajira Madam C. J. Walker, shi kuma ya zana lambar da mambobi ke maƙalawa a ƙirji. Wani abin lura shi ne, jerin bakwai ɗin nan bai daidaita yadda yake yanzu ba sai a 1952, lokacin da babban taro ya cire sunan wani James Morton ya sa na Jones. Tarihin da ake haddacewa kamar saukakke, shi ma a taro aka daddale shi.

Yaɗuwa ba ta ɗauki lokaci ba. Reshe na biyu ya buɗe a jami'ar Howard da ke Washington a 1907, na uku a Virginia Union, a 1908 har an tsallaka Toronto a Kanada. Wasu suka bi sahu: matan Howard suka kafa Alpha Kappa Alpha a 1908, wadda Kamala Harris 'yarta ce, sai Kappa Alpha Psi da Omega Psi Phi a 1911, Delta Sigma Theta a 1913, Phi Beta Sigma a 1914, har suka cika tara, biyar na maza huɗu na mata, da zuwan Iota Phi Theta a 1963. Nan ma Afirka ta Yamma tana da ƙafa a ciki. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah, da suka yi karatu a jami'ar Lincoln ta Pennsylvania, dukansu 'yan Phi Beta Sigma ne. Ɗalibin da ya sauka daga jirgin ruwa bai san kowa ba, irin wannan ƙungiya ce ke ba shi 'yan'uwa a rana ɗaya.

Amma matakin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne wanda aka yi a 1911 a Louisville ta jihar Kentucky, inda Alpha ta buɗe reshenta na farko na waɗanda suka gama karatu. A yawancin ƙungiyoyin Turawa, zama mamba harka ce ta shekara huɗu: a sha giya, a yi biki, a gama, sai dai a riƙa aiko da gudummawa ana tuna ƙuruciya. A wajen baƙaƙe abin ya juye. Likita da lauya da fasto da shugaban makaranta a gari ɗaya suna haɗuwa kowane wata, suna biyan kuɗin ƙungiya, har ma ana iya ɗaukar mutum sabo bayan ya daɗe da barin jami'a, kamar yadda ake karrama wasu manya da zama mambobi. Nauyin ƙungiya ya koma hannun dattawa masu sana'a da mutuncin da suke tsoron zubarwa. Wanda ya san yadda tsofaffin ɗaliban Barewa suka riƙe juna a gwamnati da soja da kasuwa shekara da shekaru zai gane irin ƙarfin da ake nufi, sai dai a ƙara masa rantsuwa da kuɗin wata-wata da babban ofishi, wanda yanzu yake Baltimore.

Da wannan ƙarfi aka shiga kotu. Charles Hamilton Houston, wanda ya mayar da sashen shari'a na Howard masana'antar lauyoyin yaƙi da wariya, ɗan Alpha ne. Ɗalibinsa Thurgood Marshall ma haka. A 1935 su biyun suka tsaya wa Donald Murray, wanda jami'ar Maryland ta hana shiga sashen shari'a saboda fatarsa, suka ci, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta tabbatar a 1936. Lloyd Gaines, wanda ƙararsa a kan jami'ar Missouri ta kai Kotun Ƙoli a 1938 aka ba shi gaskiya, ɗan ƙungiyar ne. A watan Maris na 1939 ya fita daga masaukinsa a Chicago, ba a sake ganinsa ba har yau.

Akwai wata shari'a da ta fi nuna hannun ƙungiyar kai tsaye. A 1942 wani ma'aikacin gwamnatin tarayya, Elmer Henderson, ya hau jirgin ƙasa daga Washington zuwa kudu. A taragon cin abinci akwai tebur biyu a can ƙarshe kusa da kicin da aka ware wa baƙaƙe, ana jan labule a tsakaninsu da sauran. Da ya zo, Turawa sun zauna a teburan, akwai kujera babu kowa, aka ce ba zai zauna ba, a kai masa abinci wurin zamansa. Ya ƙi. Har aka cire taragon bai ci komai ba. Alpha ta ɗauki nauyin ƙarar, lauya Belford Lawson, wanda ya shugabanci ƙungiyar, ya tsaya a gaban Kotun Ƙoli, a watan Yuni na 1950 aka yanke cewa labulen nan ya saɓa doka. Shekara huɗu bayan haka Marshall ya ci babbar shari'ar Brown da ta rushe wariya a makarantun gwamnati, a 1967 kuma ya zama baƙar fata na farko a kujerar alƙalin Kotun Ƙoli. Ba za a ce Alpha ce ta yi wannan duka ba, aikin NAACP ne, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, da coci-coci da dubban talakawa da suka sha duka a titi. Abin da ƙungiyar ta bayar shi ne mutanen da suka san juna, suka yarda da juna, da kuma asusu. Lokacin da King ke jagorantar ƙaurace wa motocin bas a Montgomery, 'yan'uwansa sun gayyace shi babban taron cikarsu shekara 50 a Buffalo a 1956 suka karrama shi.

A gefen kotu akwai aikin ƙasa-ƙasa: gangamin tura yara sakandare da jami'a tun shekarun 1920, da gangamin rajistar zaɓe tun shekarun 1930 mai taken cewa al'ummar da ba ta da ƙuri'a ba ta da fata, a daidai lokacin da jihohin kudu ke hana baƙaƙe zaɓe da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu. A 1945 ƙungiyar ta buɗe ƙofarta ga kowane launi, alhali a 1948 wata ƙungiyar Turawa ta kori reshenta na kwalejin Amherst saboda ya ɗauki baƙar fata ɗaya.

Al'adunta kuwa, launinta baƙi ne da ruwan zinariya. Tambarinta gunkin nan na Giza mai jikin zaki da kan mutum, mujallarta ma da ke fitowa tun 1914 sunansa ta ɗauka. Zaɓin Masar ba haɗari ba ne. Sunan na Girka ne domin haka salon yake, amma samarin da ake faɗa wa kullum cewa kakanninsu ba su gina komai ba sun so alamar da ke cewa Afirka ta riga Girka. Takenta yana cewa su ne na farko, masu yi wa kowa hidima, kuma za su zarce kowa. Tawali'u da alfahari a numfashi ɗaya, kuma duk wanda ya zauna da su zai ce rabon alfaharin ya fi yawa.

Abin da ɗalibai ke cika fili don kallo shi ne ranar fito da sabbin mambobi. Da dare ne galibi. Za ka ji kiran siniyoyi daga nesa, ɗaya ya ɗaga murya da lambar shekarar kafuwa, sauran su amsa. Sai sabbin su shigo a sahu ɗaya, an jera su bisa tsayi, gajere a gaba dogo a baya, kowa ya manne da bayan na gabansa, tufafi iri ɗaya, fuska a rufe. Kowane yana da lamba da laƙabin da siniyoyi suka raɗa masa. Za su tsaya cak, haɓa a sama, su jero sunayen mutum bakwai ɗin nan da ranar kafuwa da haruffan Girkanci da murya ɗaya cikin sauri kamar masu tilawa, su gaida siniyoyi ɗaya bayan ɗaya da kirari, su yi wa sauran ƙungiyoyi habaici jama'a na shewa. Sannan a yi rawar taku: babu ganga, ƙafa ce ke dukan ƙasa, tafi da dukan ƙirji da cinya su ne kiɗan, mutum goma kamar jiki ɗaya. A ƙarshe kowa ya cire abin rufe fuska ya faɗi sunansa, uwarsa na cikin taro tana kuka. Waɗanda suka shiga a sahu ɗaya sun zama 'yan'uwan sahu har mutuwa, su ne abokan ango, su ne masu ɗaukar makara. 'Yan Kappa da sanda mai ratsin ja da fari suke tasu rawar. Wasu, musamman 'yan Omega, har lalas suke sa a yi musu da ƙarfe mai zafi a dantse, harafin ƙungiya ya zauna a fata, ko da yake shugabannin ba su sa hakan cikin ƙa'ida ba.

Tambayar ita ce me ya faru a makonnin da suka gabaci wannan dare. Shekaru da dama, mai neman shiga sai ya yi zaman gwaji na makonni ko watanni a fili: tafiya a sahu a harabar makaranta, aike, hadda, rashin barci. A ɓoye kuma akwai katako mai faɗi kamar filafilin kwalekwale, da shi ake dukan mazaunai. Ana kiran kammala wannan zango tsallake rairayi mai ƙuna. Wanda ya yi makarantar kwana ya san gwale-gwalen siniya, ya kuma san abin da ke raya shi: wanda aka yi wa bana shi ke yi wa wani baɗi, yana cewa ai ni ma na sha. Shi kansa Marshall an taɓa dakatar da shi a jami'ar Lincoln saboda hannu a gwale-gwalen sabbin ɗalibai. Masu kare al'adar suna cewa abin da aka samu a sauƙaƙe ba a riƙe shi da daraja, kuma wahalar da aka sha tare ita ke ƙulla zumunci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, Bafulatanin da ya tsaya a filin sharo zai gane maganar. Amma sharo a bainar jama'a ake yinsa, da dattawa a tsaye, da ƙa'idar bulala nawa. Wannan kuwa a ɗaki ake yi, mai dukan yaro ne ɗan shekara ashirin, wanda ake duka kuma ya riga ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Akwai kuma abin da ke da ɗaci musamman a nan, jikokin waɗanda aka yi wa bulala da lalas a gonakin auduga su ne ke yi wa juna da sunan 'yan'uwantaka. Malamai baƙaƙe da dama, cikinsu har da 'yan ƙungiyoyin, sun faɗi wannan a fili.

A 1989 wani ɗalibi a kwalejin Morehouse da ke Atlanta, makarantar da King ya yi, ya faɗi ya mutu a wajen gwajin shiga Alpha. A 1990 shugabannin manyan ƙungiyoyin baƙaƙe suka haɗu suka soke zaman gwaji gaba ɗaya, suka maye gurbinsa da tsari na ɗan gajeren lokaci: cike takarda, ganawa, darasi, jarrabawa, rantsuwa. A takarda magana ta ƙare. A harabar makaranta sai abin ya nutse ƙasa. Aka samu sabon rabe-rabe, wanda ya sha duka a ɓoye shi ne na gaske, wanda ya bi ƙa'ida ana masa gorin ɗan takarda, har yaro da kansa yake neman a doke shi don kada a raina shi. Kuma da yake abin ya zama laifi, dattawan da a da suke leƙawa su tsawatar sun daina sani, ko sun daina son sani. A 1994 aka kashe wani ɗalibi da duka a reshen Kappa Alpha Psi a Missouri. A ɓangaren Turawa giya ce ta fi kisa: a 2017 wani ɗalibi a jami'ar Penn State ya faɗo daga bene bayan an ɗura masa giya, 'yan'uwan nasa suka shafe kusan awa 12 ba su kira motar asibiti ba, kyamarorin gidan na ɗauka.

Akwai wani zargin da ba na jini ba. Ƙungiyar da ta tsiro saboda an rufe wa 'ya'yanta ƙofa, ita ma ta koyi rufewa. Tun farko tunanin masani baƙar fata W. E. B. Du Bois, wanda shi ma ɗan Alpha ne, ya yi tasiri a kanta, cewa kashi ɗaya cikin goma na baƙaƙen fata, wato masu ilimi, su za su ja sauran. Daga nan zuwa kallon sauran a raine taki ɗaya ne. An daɗe ana zargin wasu rassan ƙungiyoyin nan da fifita 'ya'yan masu hali da masu hasken fata, kuma a shekarun 1960 matasa masu zafin ra'ayi sun riƙa yi musu kallon masu kwaikwayon Bature da kwat da liyafa. Kuɗin shiga kaɗai yakan gagari ɗan talaka.

A shekarar da King ya yi rantsuwa a Boston, 1952, wasu ɗalibai bakwai a kwalejin jami'a ta Ibadan, cikinsu da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates. Babu wata igiya da ta haɗa su da Alpha, amma kamar ta yi yawa: mutum bakwai, jami'ar da 'ya'yan manya masu kwaikwayon Turawa suka mamaye, da manufar yaƙi da ƙabilanci da girman kai. Shekara kusan ashirin ba a san su da zubar da jini ba. Sai ɓaraka ta fara. Waɗanda aka kora ko aka ƙi ɗauka suka kafa nasu, Buccaneers a 1972, Black Axe a Benin a 1977, wasu suka biyo. Zamanin soja ya zo, jami'o'i suka talauce, masu mulki da 'yan siyasa suka gano cewa samarin da suka yi rantsuwar rufa wa juna asiri kayan aiki ne masu arha, a murƙushe ƙungiyar ɗalibai da su yau, a sace akwatin zaɓe da su gobe. A 1984 Pyrates ta janye daga harabar jami'o'i baki ɗaya, dattawan suka tafi da sunansu, suka bar filin ga waɗanda ba su da dattijo. Ranar 10 ga Yuli 1999, da asuba, 'yan bindiga suka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife suka kashe ɗalibai biyar, cikinsu da sakataren ƙungiyar ɗalibai George Iwilade. Tsarin mulkin da ya fara aiki a wannan shekarar ya faɗa a sashe na 38 cewa 'yancin addini da tunani bai ba kowa damar shiga ƙungiyar asiri ba.

Idan aka ajiye biyun gefe da gefe, bambancin ba a rantsuwa yake ba, kowacce tana da ita, ba kuma a duka ba. Alpha tana da rajista, tana da adireshi, sunayen shugabanninta a buɗe suke, ana iya kai ta kotu kuma ana kai ta, tana biyan inshora mai tsada saboda haka, jami'a na iya rufe reshe, uwar ƙungiya na iya ƙwace takardar izininsa. Abin da take ɓoyewa shi ne kalmomin bikin rantsuwa da musafaha, ba wanene mamba ba, ɗan Alpha da rigarsa yake yawo da lambar motarsa. Sanata Raphael Warnock na Georgia da gwamna Wes Moore na Maryland ba sa ɓoye cewa 'ya'yanta ne. Wannan ya isa ya hana reshe zama rundunar haya. Bai isa ya hana abin da ke faruwa a ɗaki da tsakar dare ba.

A watan Disamba na 2024 Joe Biden ya sa hannu a dokar tarayya ta farko da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa lissafa laifukan gwale-gwale a rahotonsu na shekara, su kuma wallafa sunayen ƙungiyoyin da aka kama. Iyayen yaran da suka mutu ne suka yi shekaru suna bin ofisoshin majalisa da hotunan 'ya'yansu har aka yi ta. Wata biyu bayan haka, a Fabrairun 2025, wani ɗalibin injiniya a jami'ar Southern da ke Baton Rouge, mai busa ƙaho a ƙungiyar kiɗan makarantar, ya mutu bayan an naushe shi a ƙirji a wani ɗakin ajiyar kaya, wajen gwajin shiga Omega Psi Phi. Waɗanda suka kai shi asibiti sun ce a filin ƙwallon kwando ya faɗi.